Rufin Makarantar Yaya a Hannun Kwamiti

Gwamnatin tarayya ta gaji da ƙorafin da ake yi mata a kan tallafi. Duk makaranta ko ƙungiyar da ta nemi taimako sai ta tsufa kafin fayil ɗinta ya fito. Saboda haka aka kafa kwamiti, aka ce ya sauƙaƙa aikin, kowane sashe ya turo mutum guda. Sashen tantancewa ya turo mataimakin daraktansa, wani mutum mai sanyin murya. A ofis Mataimaki ake ce masa. A gida kuwa har yau Auta ne, duk da furfurar da ta cika masa gemu.

A saman bene suke zama, a wani ɗaki mai dogon tebur da na'urar sanyaya ɗaki da ke ɗigar da ruwa cikin bokiti. Tun zaman farko suka fahimci wata ƙa'ida da ba wanda ya furta: ba a taɓa teburin wani. In ka ce sa hannun Akanta ba shi da amfani, gobe Akanta zai tuna cewa naka ma haka yake. Don haka kowa ya yarda hanyar ta yi tsawo, ba kuma wanda ya ga inda za a yanke.

Shugabar kwamitin daga waje aka ɗauko ta, ba ta da teburin da za ta kare. Wata rana ta ajiye biro.

"Na gaji da labari. A ɗauko mini fayil guda na gaske, mu bi shi tebur bayan tebur, mu ga inda yake kwana."

"Ranki ya daɗe, fayil ba ya kwana a wurina," in ji Akanta. "Hutawa dai yake yi."

"Hutawa?" in ji Lauya. "Wanda na aiko maka bara har jikoki ya yi."

Aka yi dariya, aka ce Mataimaki ya zaɓo fayil ɗin.

Mataimaki yana da yaya, wadda ta goye shi bayan rasuwar mahaifiyarsu. Tana da makarantar yara kurame a wani tsohon gini na haya. Kwanon rufin ya ruɓe, kuma jami'in duba gine-gine ya gaya mata a fili: in damina ta faɗi ba a gyara ba, zai sa kwaɗo a ƙofar. Ta nemi tallafin gyara, fayil ɗinta ya ci rabin hanya, yana rarrafe kamar na kowa. Da sunan mijinta take sa hannu, ba wanda zai haɗa ta da shi. Ya yi lissafi: fayil ɗin da manya suka sa wa ido gudu zai yi. Ya ɗauko nata.

Da yamma ya biya ya same ta tsaye a tsakiyar aji, tana zungurar silin da sandar goge-goge, gari yana zubowa.

"Yaya, abinki ya zo ƙarshe. Na sa shi gaban manya."

"Waɗanne manya kuma?"

"Kwamiti. Duk teburin da ya je, suna tsaye a kansa."

"Auta, ni idon manyan nan nake tsoro. Da yana tafiya, ko?"

"Yana rarrafe."

"Mai rarrafe ai yana isa." Ta dube shi daga sama har ƙasa. "Kai dai tun kana goye, in ka ce za ka taya ni aiki sai na yi shara sau biyu."

Ya yi dariya, ita ba ta yi ba.

Washegari aka ɗaura wa fayil ɗin jan zare, aka rubuta "Na gwaji" a bayansa. Shugaba ta buɗe, ta ga sa hannu ya cika shafin farko.

"Wannan ai ya yi nisa. A mayar da shi ƙofar shiga. Hanyar gaba ɗaya nake son gani."

Mataimaki yana kallo aka mayar da fayil ɗin teburin farko.

Abin da bai sa a lissafinsa ba shi ne, ma'aikacin da ake kallo ba sauri yake yi ba, kare kansa yake yi. Duk teburin da ya bar fayil ya wuce ba tare da tambaya ba ya shaida wa kwamiti da bakinsa cewa ba a buƙatarsa. Injiniya, wanda a baya ya sa hannu ko kujera bai ja ba, yanzu ya sa tabarau ya ce a sake auna rufin. Lauya ya gano cewa yardar mai gidan ta tsufa, a kawo sabuwa. Akanta ya ce a nemo farashin kwano daga shaguna daban-daban, kowane da hatiminsa. Yaya ta riƙa rufe aji tana bin motar haya, tana kawowa. Ba wanda ya yi ƙarya a cikinsu, ba wanda ya karɓi ko kwabo. Irin wannan zalunci ba ya barin datti a hannu, shi ya sa masu yin sa suke barci lafiya.

Gajimare ya fara taruwa ta gabas lokacin da fayil ɗin ya iso teburin Mataimaki. 'Yan kwamiti suka cika ɗan ofishin nasa, wasu a jingine da kabad, daraktansa a bakin ƙofa ya harɗe hannu. Aikin sashen shi ne ya duba cewa waɗanda suka duba sun duba. Komai ya cika. Sa hannu kawai ya rage, fayil ya wuce wurin biya.

"To, Mataimaki," in ji Shugaba, "ku me kuke ƙarawa a nan?"

Akanta ya yi murmushi. "Yau za mu ga ko tantancewa aiki ce ko wurin shan iska."

Mataimaki ya juya shafukan a hankali. Ya dubi darakta. Sannan ya cire murfin biro ya rubuta cewa hotunan rufin sun daɗe, a kawo sababbi.

"Madalla," in ji darakta. "Ga abin da ya wuce idon kowa."

Hotunan suka zo. Amma kafin nan kwamiti ya gama yawonsa ya shiga rubuta rahoto, Lauya kuma ya ce fayil ɗin gwaji ya zama shaida, ba ya motsi sai an karɓi rahoton. Aka kulle shi a kabad ɗin ɗakin taro.

Mataimaki ya tari Shugaba a kan matakala.

"Ranki ya daɗe, fayil ɗin nan da an sake shi. Rufi ne, ga damina."

"A yi kwafi mana."

"Wurin biya ba sa karɓar kwafi."

Ta tsaya ta dube shi sosai. "Ya dame ka da yawa. Ka san masu shi ne? In da alaƙa ka faɗa mini yanzu, in cire shi daga gwajin yau ɗin nan ya kama hanyarsa. Sai dai dole in rubuta dalili, kuma ka san inda takardar za ta je."

Ya sani. Mai zaɓo fayil ɗin 'yar'uwarsa ba ya ƙara zama a kwamiti, da wuya ma ya ci gaba da zama mataimaki.

"A'a," ya ce. "Tausayi ne kawai."

"To, ka yi haƙuri. Saboda irinsu muke wannan aikin."

Ruwan farko ya sauko da iska. Silin ajin tsakiya ya faɗo, Allah ya taimaka ranar babu karatu. Jami'in duba gine-gine ya cika alkawarinsa.

An karɓi rahoton da yabo. An haɗe wasu tebura, an bar sashen tantancewa saboda an ga amfaninsa a gwaji. An fito da sabon fom mai shafi ɗaya, aka ce duk tsofaffin buƙatu a sake shigar da su ta sabuwar hanya.

Mataimaki da kansa ya kai wa Yaya fom ɗin. Ya same ta a falonta, ta ture kujeru jikin bango, ta jingina allo a kan tebur. Yaran da iyayensu ke kusa ne kawai suke zuwa yanzu, sauran suna gida. Ta karɓa, ta riƙe shi nesa da ido ta karanta.

"Lallai ya yi sauƙi. Layi na biyu, adireshin makaranta. Me zan rubuta, Auta?"

Ta sauke fom ɗin, ta dube shi, ta ci gaba.

"Wanda ya nemi sababbin hotuna, na ga rubutunsa a takardar da aka aiko mini. Ni na riƙe hannun nan na koya masa rubutu."

"Yaya, idanu ne suka yi mini yawa."

"Na sani." Ta ninke fom ɗin ta sa a ƙarƙashin ƙafar allon da ke girgiɗi. "Tunda ka zo, cire rigar ofis ɗin nan. Mai gidan ya ba ni zuwa gobe in kwashe bencina, kuma ba ni da mai kama mini."