Sunan da Aka Ɓoye wa Ajuji

Ajuji na tsaye a kan tukunyar kunun kanwa, muciya a hannu, lokacin da ɗanta Alkasim ya shigo ya tsuguna can nesa yana sosa ƙeya. Matarsa ta haifi mace, jibi suna, kuma duk garin Badafi an san al'adar gidan: 'yar fari sunan uwar uba take ci. Sai da ya gama kewaye-kewayensa sannan ya fito da maganar. Wai malaminsu na Islamiyya ya ce Ajuji ba sunan Musulunci ba ne, ragowar camfi ne, ba a yanka rago a kansa. Don haka zai sa wa jaririyar sunan surukarsa, Lubabatu.

"Inna, ki yi haƙuri. Da a ce kina da sunan yanka..."

Ba ta bari ya ƙarasa ba. Ta jefar da muciyar, ta wanke shi tas. Ita da ta goya shi tana roron gyada a tsakar rana, yau sunanta ne ya zama ƙazantar da ba za a shigar masa gida ba? Ashe duk sallar da take yi tun kafin a haifi malamin nasu, da sunan camfi take yin ta? Alkasim ya sulale ya fice, kunu kuwa ya kama a gindin tukunya.

Abin da ya fi ƙona mata rai shi ne ita ma ba ta taɓa son sunan ba. Ta san ma'anarsa sarai, wadda aka yar a juji. Da shi yara suka tsokane ta a rafi, da shi ake kiranta a layin asibiti mata na ƙunshe dariya. Uwarta Asabe ta rasu kafin a yaye ta, ubanta ya bi bayanta, ta tashi a hannun dangi da ƙullin uwar da ta ɗauki jinjirarta ta kai bola.

Washegari ta yafa mayafi ba ta sallami kowa ba. Da ta shiga mota a Kwanar Dangora, kwandasta ya ce mata, "Baiwar Allah, matsa ciki," ta watsa masa hararar da ta sa ya ja bakinsa har suka wuce Tudun Wada. Falgore ta nufa, rugar Kawu Hamma, yayan uwarta, wanda shi kaɗai ya rage cikin waɗanda suka ga haihuwarta.

Ta same shi a gindin ɗorawa yana tufkar igiyar maruƙa. Ta gaishe shi a taƙaice, ba ta tambayi shanu ba balle iyali, nan take ya gane da magana ta zo. Ta ce so take ya gaya mata laifin da ta yi wa Asabe tun tana tsumma.

Tsohon ya ci gaba da murza igiyar a cinya. Ya ce Asabe wabi ta yi ta yi, duk ɗan da ta haifa ba ya kai zama sai a kai shi makwanci. Da aka haifi wannan, tsofaffin gida ne suka ɗauke ta suka ajiye a juji, wai don abin da ke ɗauke 'ya'yan ya ga ba a damu da ita ba, ya ƙyale ta. Asabe kuwa, da jinin biƙi a jikinta, ta rarrafa ta je ta ɗauko 'yarta.

"Ta ce wa ubanki ta gaji da cewa ɗa nata ne. Wannan ta Allah ce, in ya bar mata aro ta gode, in ya karɓa kayansa ne. Shi ne aka yi miki huɗuba da Amatullah, wato baiwar Allah."

Ajuji ta maimaita sunan a hankali, bakinta bai saba da shi ba. Hawaye suka zubo mata, amma fushin bai tafi ba, juyawa ya yi ya fuskanci tsohon. Ta tambaye shi me ya hana a gaya mata. Ya ce tsofaffi sun hana a ambace shi kada abin ya ji. Ko ranar ɗaurin aurenta, a kunne ya raɗa wa liman. Da suka ga ta rayu, sai suka ji tsoron taɓa abin da ya yi daidai.

"Kawu, uwata ta ba Allah ajiyata, ku kuma kuka ce juji ne ya tsare ni. Na tsufa ina jin haushin matar da ke kabari, kana nan zaune kana tufka."

Bai ɗaga kai ba. Ta shuri takalmanta, ko nonon da aka kawo mata ba ta taɓa ba.

Da ta dawo gida ta faɗa wa Alkasim sunan, har tafa hannu ya yi don murna, ya ce ai wannan suna ne na sunna. Shi za a sa wa jaririyar. Ranar suna aka yanka rago, wanzami ya yi aski, maroƙi ya faɗi sunan sau ɗaya a ƙofar gida. Kafin la'asar mata sun yanke shawara: tunda yarinya sunan uwar mai gida ta ci, kunya ba za ta bari a kama shi ba, Ummi za a riƙa kiranta.

Ajuji ta dube su ɗaya bayan ɗaya. Ta miƙe ta karɓe jaririyar daga cinyar mai jego, ta fito tsakar gida inda kowa zai ji.

"Amatullah," ta ce da ƙarfi.

Jaririyar barcinta take yi, ba ta ko motsa ba. Tsohuwar ta sake kira, sannan ta amsa da kanta: "Na'am."