Kwalliyar da Hawaye Bai Wanke Ba

Mai Kwalliya ba ta gama ɗaga ƙofar shagon ba sai ga ƙanwarta Auta a bayanta, da baƙin tabarau tun da sassafe kamar mai ciwon ido. Ko gaisuwa babu, ta sunkuya ta shige, ta zauna a kujerar nan mai juyawa, ta ba madubi baya.

"Cire mu gani," in ji Mai Kwalliya.

Auta ta cire. Ƙasan idonta na hagu ya kumbura ya yi baƙi, a kan ƙashin kunci kuma fata ta tsage, bakin tsagar ya yi jawur yana ƙyalli.

"Murfin kabad ne, Yaya. Na miƙe ban lura ba."

"Kabad ɗin nan naku akwai zafin zuciya. Wancan karon a wuya ya kama ki, har da shatin yatsu."

Auta ta kau da kai. Yayarta ta kama haɓarta ta juya fuskar wajen haske, sai wani ƙamshi da ta sani ya bugi hancinta.

"Me kika zuba a nan?"

Auta ta laluba jaka ta fito da wata 'yar kwalba mai murfin feshi. "Na ga kina fesa min shi. Na ce yau kam ba zan dame ki ba, bari in yi da kaina. Wallahi da na fesa sai da na ga wuta."

"Ke dai Allah Ya shirye ki! A kan ɗanyen ciwo? Wannan ai na ƙarshe ne." Ta fizge kwalbar, ta ɗauko wata daga kantar kayan kwalliya ta dangwara su gefe da gefe. "Duba nan. Wannan faraima ne, shi ake fara shafawa. Shi ke kwanciya a kan fata, ya cike ramuka, ya yi wa hoda shimfiɗa. Wannan kuwa ruwan feshi ne, sai an gama komai ake fesa shi, ya kulle kwalliyar kada gumi ya zubar da ita. Akwai sifirit a ciki, yaya ba zai cinye ki ba? Ɗaya a ƙasa, ɗaya a sama. Abin nan ko 'yan koyo ba sa rikita shi."

Ta yi ta faɗa. Ta san sarai ba kwalbar ce ta ɓata mata rai ba, amma faɗan kwalba ya fi sauƙi. Ta wanke hannu, ta goge ciwon da auduga, ta lallaɓa ta bi gefensa da faraima. Ta ɗora jan launi kaɗan don ya kashe baƙin, sannan fandeshan mai launin fatarta, sannan hoda. Hannunta dai Allah Ya yi masa baiwa, ko maƙiyinta ya san haka. Kafin a jima fuskar ta dawo sumul.

"Rufe ido."

Ta ɗaga kwalbar feshin. Duk macen da ta taɓa zama a kujerar nan ido kawai take rufewa. Auta kuwa dantse ta ɗaga ta kare kanta. Sai ta sauke da sauri tana 'yar dariya, ta ce za ta makara, yara na jiranta a aji.

* * *

Mijin Auta, wanda kowa ke kira Injiniya, mutum ne da ko ƙuda ya sauka masa a hanci sai ya ce masa sannu. Shi ke kai Baba asibiti duba hawan jini, shi ke tuna lokacin da magani zai ƙare. In ya shigo gidan surukai, tun daga bakin ƙofa yake cire takalmi ya durƙusa. Mama kan ce 'ya'ya biyu ta haifa, Allah Ya cike mata na uku da shi. Mai Kwalliya in ta ji haka sai ta tashi ta ba su wuri.

Ita ce kaɗai ta san fuskar ƙanwarta ta asali. Ta rufe leɓen da ya fashe, ta rufe goshi, ta rufe wuya. Duk ran da aikin ya yi kyau ƙwarai kuma, sai son sana'a ya rinjaye ta, ta ɗauki hoton Auta ta ɗora a shafin shagonta na waya, mata su yi ta rubuta tubarkalla. Tana gaya wa kanta sutura take yi wa 'yar'uwarta. Wani lokaci har ta yarda da hakan.

Ran da Auta ta zo tana dafa bango, ta kasa miƙe bayanta, kunnenta ɗaya na tsiyayar ruwa, Mai Kwalliya ta mayar da ƙofar shagon ta rufe.

"Yau wajen Baba za mu. Haka za ki je, ya gani da idonsa."

"Yaya, jininsa zai hau."

"Ke naki da ake zubarwa fa, ruwa ne?"

Auta ta yi kuka mai isarta, daga baya ta gyaɗa kai. "To na yarda. Amma don Allah kada ki sa in shiga motar haya a haka. Iyayen ɗalibaina na hanya. Ki ɗan rufe min, ko sama-sama ne, in mun isa sai ki goge."

Sama-sama ta yi niyya, Allah Ya sani. Amma hannun da ya saba ba ya jin magana. Ta shafa faraima, ta bi da abin da ke biye, hankalinta na can kan kalaman da za ta gaya wa Baba. Ba ta farga ba sai da ta ji ƙamshin feshi ya cika shagon, ta ga kwalbar a hannunta.

* * *

Takalmin Injiniya suka fara gani a bakin falo, an jera shi tsaf. Ya riga su zuwa. Yana zaune a ƙasa kusa da ƙafar Baba, kansa a sunkuye.

"Yanzu mijinki ke cewa kin fita ba sallama," in ji Baba. "Lafiya?"

Hawaye suka zubo wa Auta. Mai Kwalliya ce ta faɗa, tiryan-tiryan, ba ta rage komai ba. Mama ta dafe ƙirji tana salati. Baba ya gyara tabarau, ya ce Auta ta matso. Ya ƙura mata ido. Hawaye na gangarowa a kan kuncinta suna ɗiga daga haɓa, ba su ɗauko ko ƙwayar hoda ba. Ruwan feshin mai kyau ne, Mai Kwalliya ba ta ajiye jabu a shagonta.

"Ni ban ga komai ba," in ji Baba.

"Kwalliya ce, Baba. Ni na rufe. Duk ni nake rufewa."

Injiniya ya ɗago a hankali, ya ciro wayarsa. "Baba, ban so a kai ga haka ba. Saɓani kam akan samu, ba zan yi ƙarya ba. Amma ga shafin Yaya nan, da hannunta take ɗorawa." Ya miƙa da hannu biyu. Baba ya riƙa ja da yatsa. Ga Auta tana murmushi, ga ta kuma, ga ta kuma, fuska kamar ta jariri. Mai Kwalliya ta san abin da ke ƙarƙashin kowane hoto, tana iya faɗin wane ido ne, wane leɓe ne.

"Wanda ake duka ne wannan?" Baba ya tambaya.

Mai Kwalliya ta zazzage jakarta ta ciro audugar goge kwalliya, ta durƙusa gaban ƙanwarta. Shafa ɗaya ya isa. Amma kafin audugar ta taɓa fata, Auta ta cafke wuyan hannunta, riƙo mai ƙarfi irin na wanda ruwa zai ci. Ba yayarta take kallo ba. Injiniya take kallo, shi kuma yana kallonta, fuskarsa a sake, har da ɗan murmushi. Can gefe Baba ya fara numfashi sama-sama, Mama na lalubar maganinsa.

"Bari, Yaya," Auta ta ce da ƙyar. "Ba komai a wurin."

"Kin ji ko?" in ji Mama, idonta cike da ƙwalla. "Ke babba ce, gyara za ki yi, ba zuga ba. Kowace mace da haƙuri take zaune."

Injiniya ne ya zuba wa Baba ruwa ya sha magani. Da za su tafi, shi ya ɗauki jakar matarsa, ya buɗe mata ƙofar mota.

* * *

Auta ta daina zuwa shagon. Wayarta in ta shiga, shi ke ɗauka, ya gaida Yaya da ladabi ya ce tana hutawa. Mai Kwalliya ta goge hotunan nan kaf daga shafinta, kamar hakan zai mayar da wani abu.  In mace ta zauna a kujera, sai ta sami kanta tana duba wuyan matar kafin ta duba launin fatarta. Abin da ya fi tsorata ta shi ne, takan sami tabo.

Wata rana da hantsi, shago ba kowa, aka yi sallama. Auta ce, ba tabarau. Ta rame, rigarta na yawo a jikinta, amma fuskar tas, babu inda hoda ta taru, babu inda ta tsage. Mai Kwalliya ta tsaya tana bin fuskar da ido irin na mai sana'a, daga goshi zuwa haɓa, tana neman wurin. Ba ta same shi ba.

"Ya jikinki?"

Auta ta juyo da kunnenta na dama. "Na'am?"

"Na ce ya jikinki?"

"Lafiya lau. Kin ga na iya yanzu, ko? Faraima a ƙasa, feshi a sama. Ban ƙara rikitawa ba." Ta kalli ƙofa. "Yana mota yana jirana. Ruwan feshina ne ya ƙare, na ce gara in zo wurinki. Na kasuwa ƙona ni yake yi."

"Auta, ki zauna. Ki bar shi ya yi ta jira. Ɗakina ya ishe mu."

"Babbar kwalbar za ki ba ni, Yaya. Ƙaramar ba ta daɗewa."

A waje aka danna hon, sau ɗaya, a hankali. Mai Kwalliya ta kalli kwalaben. Ta so ta ce babu, ta so ta fasa kwalaben duka. Amma ta tuna jan bakin tsagar nan da sifirit ya ci. Manyan kwalaben suna kanta ta sama, daidai saman kan Auta. Ta miƙa hannu za ta ɗauko.

Auta ta duƙe, ta rufe kanta da hannu biyu.

Sai ta miƙe a hankali, ta gyara mayafinta, ta yi murmushi. Ta karɓi kwalbar ta jefa a jaka, ta leƙa madubi ta tabbatar babu abin da ya goge, sannan ta fita.