Teburin Yanka

Su uku ne a gidan: Mama, wadda ɗinki ne sana'arta, mahaifinta, tsohon kafinta da idonsa ya yi rauni har ya ajiye zarto, da Auta, 'yar shekara goma, wadda take kiransa Kaka. Suna da keken ɗinki da almakashi mai kyau, amma ba su da teburin yanka. A ƙasa Mama take shimfiɗa yadi ta durƙusa, har bayanta ya fara hana ta miƙewa. Sai ga wata makaranta ta ba ta ɗinkin kayan ɗalibai sittin, a kan ta fara ranar Litinin. Ta san in a ƙasa za ta yanka su, ba za ta kai rabi ba, aikin kuma zai koma hannun wani.

Dubu tamanin ta tara, da dubu biyu na motar da za ta ɗauko kaya. Ranar Asabar da hantsi suka tafi shagon Dogo, wanda Kaka ya koya wa aiki tun yana ƙarami. Auta ce ta riƙe hannun Kaka, tana ce masa ya ɗaga ƙafa, ga kwata, shi kuma yana tsokanarta yana cewa tsohuwa ta cika surutu.

Dogo ya durƙusa ya gaida maigidansa, ya goge masa benci da rigarsa. Tebur biyu ne a shagon masu faɗin da Mama take so. Ɗaya yana ƙyalli har mutum na ganin fuskarsa. Dogo ya ce sari ya yi, ba shi ya haɗa ba. Ɗayan kuwa fari ne fat, ba a goge shi ba, ba a shafa masa mai ba. Mama ta tsaya wajen mai ƙyallin, don an ce mata dubu hamsin ne.

Kaka ya ƙwanƙwasa samansa da bayan yatsa, ya saurara. Ya ce wa Auta ta duba zanen katakon, ta bi shi da ido har bakin teburin, ta gaya masa ko ya sauka gefe. Ta ce a'a, ya yanke, wani zane daban ne a gefen. Ya ce ta shiga ƙarƙashi.

"Kamar garin katako ne aka dama aka daskarar, Kaka."

Ya gaya wa Mama a hankali cewa wannan riga aka sa masa. Ranar da ruwan guga ya zuba a kai zai kumbura, bakin almakashi kuma zai ɓare shi kafin wata uku. Ya matsa ga farin, ya ƙwanƙwasa shi. Wannan karon ƙarar ta fito a dunƙule. Auta ta ce zanen ya sauka gefe, ya zagaya har ƙasa. Kaka ya lalubi inda ƙafa ta haɗu da jiki, ya ji an fafe ɗaya an cusa ɗaya, ba ƙusa ko guda. Ya kama kusurwa ya girgiza, teburin bai motsa ba.

"Nawa?" in ji Mama.

Dogo ya dubi ƙasa. Ya ce ai shi ba zai iya yi wa gidan maigidansa kuɗi ba, ta kawo abin da ya sauƙaƙa. Da ta matsa, ya tambaye ta nawa ta zo da shi, ta faɗa, ya ce shi ke nan, Allah ya sa albarka. Mama ta sauke numfashi ta buɗe jaka. Sai Kaka ya ɗora hannunsa a kan nata.

Ya tambayi Dogo falanki nawa ya shiga, nawa ya saye su, wata nawa suka yi suna bushewa, kwana nawa ya yi a kan aikin. Dogo yana amsawa da ƙyar, kamar yaron da aka titsiye a aji. Kaka ya yi lissafi yana motsa leɓe. Sannan ya ce katakon kaɗai ya ci dubu saba'in da biyar, kuma teburin, in an gama shi, dubu ɗari da goma ne.

Mama ta sunkuya kusa da kunnensa. "Baba, wai da wa kake? Shi ya ce ya yarda."

"Bai yarda ba. Kunya ta ce ya yarda."

Ta ce masa Litinin fa jibi ce, kuma ya san halin bayanta. Ta ce in haka ne ta ɗauki mai ƙyallin, ya lalace in ya ga dama. Kaka ya ce kuɗinta ne, amma shi ba zai zauna a ɗaki ɗaya da teburin da aka cinye wa mutum gumin kwana tara a kansa ba. Dogo ya roƙe shi ya bar maganar. Kaka ya tambaye shi yaushe rabon da ya sayar da babban kaya. Dogo ya juya ya hau share garin katako.

Mama ta rufe jakarta ta juya wajen ƙofa. Auta tana ƙarƙashin farin teburin har lokacin, ba wanda ya ce ta fito, kuma tana tsoron abin da ta gani zai ƙara ɓata rai. Amma Kaka ya ce ta faɗi duk abin da ta gani.

"Kaka, akwai wani baƙin tabo a nan, an cike shi da wani abu."

Ya ce ta kai hannunsa wurin. Ya shafa, ya danna da farce. Gurbin reshe ne, in ji shi, ba zai karya teburin ba, amma aibi ne, kuma aibi yana da farashi. Ya juya ga Dogo ya ce ai ya koya masa faɗa wa mai saye tun kafin ya gano. Dogo ya ce ya yi kuskure. Kaka ya cire dubu uku.

Daga nan kamar wata ƙofa ta buɗe masa. Ya tambayi Mama ko tana bukatar durowar da ke jikin teburin. Ta ce a'a, gwiwarta ma za ta riƙa bugewa. Ya ce Dogo ya zare ta ya sa wa wani aikin, a cire dubu goma. Guga da shafa mai kuwa, kwana biyu ne na aiki da kuɗin mai, dubu goma sha biyar. Ya ce shi zai yi su a gida, don hannunsa bai makance ba, ga kuma tsohuwarsa za ta nuna masa inda ya tsallake.

Ya rage dubu tamanin da biyu. Dogo ya buɗe baki zai yafe biyun, Kaka ya ɗaga masa yatsa. Mama ta dubi mahaifinta. Sannan ta zaro kuɗin motar ta haɗa, ta miƙa da hannu biyu.

A amalanken shagon suka ɗora shi. Dogo yana turawa, Mama tana riƙe da gefe, da suka kai kwanar gida ta ce wa Kaka ya sani fa ba za ta dafa masa komai mai daɗi ba sai ya gama gugar. Ya ce ya ji.

Ranar Litinin Mama ta yanka riga goma sha ɗaya a tsaye. Auta ta shafa gefen teburin inda zanen ya sauka, ta gane cewa farashin gaskiya shi ne wanda mai saye ya san abin da ya saya, mai sayarwa kuma bai koma gida da asara ba.