Injin da Bappa Audu Ya Haɗa

"Ina injina, Bappa? Injina nake tambaya!"

Abdulhadi ne ke ɗaga murya, ko hular Juma'a bai cire ba. Bappa Audu na tsaye a ƙofar shagonsa na gyaran injinan ban-ruwa da ke bakin tashar Rogo, darduma a kafaɗa, ya zuba wa ƙasa ido. Inda injin yake ɗazu babu komai sai ɗigon baƙin mai. Dogon bencin da yake gittawa a bakin ƙofa in zai tafi masallaci an ture shi gefe, ƙafafunsa a sama.

"Nan na bar shi," in ji tsohon a hankali. "Tun hantsi na gama shi. Na gitta benci na tafi salla."

Mutane suka taru. Maikuɗi mai faci, wanda rumfarsa ke jikin shagon, ya dafa kafaɗar Abdulhadi. "Ka yi haƙuri, ƙaddara ce. Shekara talatin haka muke yi a layin nan, ko allura ba ta taɓa ɓata ba."

Abdulhadi ya ture hannun. Albasarsa ce kawai ke yi masa gizo, fangali arba'in a fadamar hanyar Zoza, sati uku da dashe, ita ce abincin gidansa na shekara. Ta riga ta yi kwana biyu ba ruwa. In ta ƙara biyar, sai dai ya je ya yi mata ta'aziyya.

"Ba ƙaddara ba ce, sakaci ne! Ina da haƙƙi. Akwai ofishin da ke bi wa mutane irin wannan a Kano, zan je." Ya juya ya kalli tsohon ido cikin ido, bakinsa ya riga hankalinsa. "Wa ma ya sani ko da saninka aka ɗauka?"

Bappa Audu ya sunkuya da ƙyar ya tayar da bencin, ya zauna a kai, hannunsa na dama dafe da ƙirji.

Katanga ɗaya ce tsakanin gidajensu. Bappa aminin marigayi mahaifin Abdulhadi ne, shi ya karɓar masa auren Hamdiyya bara, har ya yi kuka a wajen ɗaurin auren mutane na tsokanarsa. Labari ya riga Abdulhadi isa gida. Hamdiyya ta ajiye masa tuwo ta koma gefe.

"Sannu da zuwa, lauya. An ci shari'ar?"

"Hamdiyya, ba na son wasa."

"Ni ma ba wasa nake ba. Mutumin da ya durƙusa gaban iyayena ya roƙa maka ni, shi ka kira ɓarawo a gaban masu shayi?" Idonta ya ciko. "Wallahi ka ba ni kunya, Yaya."

Tuwon bai ciwu ba.

Washegari da safe sai ga sallama a ƙofa. Bappa ne, da sandarsa. Suka gaisa kamar jiya ba ta faru ba, ya tambayi amarya, ya tambayi gajiya, sannan ya ce, "Sa takalminka. Kafin ka kashe ƙafarka zuwa Kano, mu fara zuwa wajen Malam Zubair."

A zauren Malam suka tarar da Maikuɗi ya riga su, ya zo ba da shaida ba wanda ya kira shi. Malam ya saurari kowa, ya shafa gemu.

"A littattafanmu ajiya daban, kayan da aka kai wa mai sana'a daban. Wanda ya buɗe shago yana karɓar kayan mutane yana gyarawa, in kaya suka salwanta a hannunsa shi zai rama. Sai fa in an samu shaidu cewa ba sakacinsa ba ne."

"To ga ni, Allah gafarta Malam!" Maikuɗi ya yi caraf. "Duk layin za mu shaida. Benci ya gitta, kamar kowa."

Bappa ya yi murmushi. Ya sa hannu a aljihu ya fito da wani kwaɗo sabo ƙal, makullansa biyu har yanzu a ɗaure da waya, ya ajiye a kan buzun Malam.

"'Yata ce ta aiko min da shi tun bara. Jiya a aljihuna ya yi sallar Juma'a, sahun gaba ma kuwa."

"Me ya hana ka kullewa, Audu?"

"Kunya, Malam. In tsaya gaban Maikuɗi da sauran maƙwabta ina datse ƙofa, kamar na ce musu ban yarda da su ba? Na kasa. To amma kunyar tawa ce, injin kuma na yaron nan ne. Ba shi zai biya kunyata ba." Ya waiwayo. "Abdulhadi, gaskiyarka, kana da haƙƙi. Sabo dai ba ni da halinsa. Amma ka ba ni kwana uku, albasarka za ta sha ruwa in Allah ya so."

Abdulhadi ya zo da maganganu cike da baki, duk suka narke. Ya rasa inda zai sa idonsa.

A ranar Bappa ya hau acaɓa zuwa Ƙaraye, wajen wani tsohon abokin sana'arsa, ya dawo da la'asar rungume da gawar wani inji a cinyarsa, fuskarsa ta yi fari fat. Da wasu matattun injina biyu da suka shekara a bayan shagonsa, aka kwaso duka aka zube a zauren gidansa. Matarsa, Inna Laure, ta yi faɗa har ta gaji.

"Likita ya ce ka kwanta, kai kuma ka kwaso min bola! In ka faɗi wa zai ɗaga ka?"

"Ke mana. Ba ke kika ce kin fi ni ƙarfi ba?"

Abdulhadi da Hamdiyya kuwa suka koma jarka. Tun asuba suna ɗibar ruwa daga rafi suna yayyafa wa fangalan da suka fi galabaita, har tafin hannunta ya yi ƙulu-ƙulu. Bai isa ko rabi ba. Ganyen na can ƙarshen gona ya fara kwanciya, bakinsa ya yi ruwan ɗorawa. In sun dawo da yamma, ta bayan katanga suna jin ƙarar sifana, sai tari mai tsawo, sai shiru, sai sifanar ta ci gaba. Duk tari ɗaya sai Abdulhadi ya ji shi a nasa ƙirjin. Sau biyu yana zuwa bakin zauren, sau biyu yana juyawa. Hamdiyya ce ke dama kunun tsamiya ta miƙa ta kan katanga.

Ranar Talata da hantsi Inna Laure ta leƙo. "Bappanka na kira."

Abdulhadi ya same shi zaune a tabarma ya jingina da bango, ya rame cikin kwana ukun nan kamar wanda ya yi wata yana jinya. A gabansa ga inji, tankinsa ja, jikinsa kore, ƙafafunsa na wani daban, an ɗaure tiyonsa da yankin roba.

"Ga shi nan, ɗan uwa uku ne, kowa da ubansa. Ba shi da kyau, amma ba aure za ka kai shi ba." Ya yi dariya, tari ya sarƙe shi. "Na gwada jan igiyar, hannun ya ƙi. Ja mu ji."

Abdulhadi ya ja. Shiru. Ya sake ja, injin ya yi atishawa. A na uku ya kama da wata irin ƙara har kajin Inna suka watse, hayaƙi ya cika zauren. Bappa ya lumshe ido yana saurare, kansa a karkace, kamar mai jin karatu mai daɗi.

Da aka kashe, Abdulhadi ya zube a gabansa, hawaye na bin kumatunsa. "Bappa, maganar da na faɗa ran Juma'a..."

"Ta yi min ciwo," in ji tsohon, ba tare da ya ɓoye ba. "Na kwana biyu ina juya ta. Sai na tuna ubanka ma haka yake, in ransa ya ɓaci har ni yake kora daga gidana. Na yafe. Yanzu kai ka faɗa, ga Laure shaida. Ka karɓa?"

"Na karɓa, Bappa. Wallahi na karɓa, na yafe duniya da lahira."

"Madalla. To tashi, albasa ba ta san kuka ba. Kuma kar ka cika masa wuta, tsoho ne irina."

Abdulhadi ya ɗaure injin a bayan babur ya nufi fadama. Ruwa ya fara gudu kafin azahar. Bai kai ga rabin gonar ba wayarsa ta yi ƙara. Hamdiyya ce, ba ta iya cewa komai ba sai kuka, sannan da ƙyar, "Yaya, ka taho. Bappa ya cika."

Alwala ya yi, in ji Inna Laure, ya ce bari ya ɗan miƙe kafin a kira salla. Shi ke nan.

Malam Zubair ne ya yi masa wanka a bayan ɗaki, ya ce Abdulhadi ya riƙe buta. Yana zuba ruwa, Malam na cuɗawa a hankali. Da aka zo hannu, sabulu ya ƙi cin baƙin man da ya shige cikin tsagar yatsu da ƙarƙashin farce. Malam ya cuɗa, ya sake cuɗawa, sannan ya tsaya ya riƙe hannun cikin nasa.

"Bar shi haka," ya ce. "Ya tafi da shi."

Abdulhadi ya karkata butar, ruwan ya zuba a ƙafarsa.

Bayan an dawo daga maƙabarta ya shiga yi wa Inna gaisuwa, ya zauna a bakin ƙofa da niyyar ba inda za shi sai an yi uku. Ta ɗago jajayen idanunta daga cikin mayafi.

"An gama ban-ruwan?"

"Saura rabi, Inna."

"To me kake yi a nan? Kwana uku yana hana ni barci saboda albasar nan. Tashi ka je."

Rana ta yi sanyi lokacin da ya isa. Ja ɗaya injin ya tashi. Ya bi ruwan da fartanya, yana buɗe bakin wannan fangali yana toshe wancan, bakinsa bai daina yi wa Bappa addu'a ba, har suka isa na can ƙarshe, inda ganye ya kwanta a ƙasa. Ƙasar ta tsattsage, ta dinga shanye ruwan tana ƙananan kumfa, kafin ta ƙoshi ya fara taruwa.

Ya tsuguna ya sa yatsa ya ɗaga ganye ɗaya. Bakin ganyen ya bushe, amma can gindi, inda ya fito daga ƙasa, kore ne shar. Ya zauna a kan kunyar fangalin, ƙafafunsa cikin ruwan, ya bar injin yana ta yi a bayansa.