Makullin Jirgin Kawu Semisi

"Kawu, tsoronka tofua'a suke ji ne? Ai ba sa magana sai ranar da ba ka fita."

Lupe ce ta jefo wannan, 'yata mai shekara biyar. Muna zaune kan tabarma ran Lahadi bayan coci, an kwaso doya da naman alade daga ramin gashi. Yayana Semisi ya tsaya da loma a hannu. Matarsa Kalo ta ƙyalƙyale da dariya, ta ce wataƙila su ma waƙar coci suke yi. Ni ban yi dariya ba, don na san inda yarinyar ta samo zancen.

Bayan gidanmu akwai lungun teku mai kwantaccen ruwa, inda tofua'a, manyan dabbobin tekun nan masu siffar kifi, ke zuwa haihuwa duk lokacin sanyi. Uwar ta fi jirgin da Semisi ke tuƙawa tsawo, amma nono take ba ɗanta kamar kowace uwa. Tsohon kwalekwalen babanmu na ɗaure a bakin ruwa, nan Lupe ke kwanciya ta manna kunne a katako. Ranakun aiki gurnanin inji kawai take ji. Lahadi kuwa, da ba jirgin da ke fita a duk tsibiranmu na Vava'u, sai ta jiyo waƙar mazan daga nesa. Uwa da ɗa su ba sa waƙa. Raɗa suke wa juna, don kada masu cin jarirai a teku su jiyo su.

Kwana ɗaya kafin nan, ran Asabar, ina shanya na ga jirage sun shigo lungun da baƙi masu son yin iyo kusa da jaririn tofua'a da aka haifa a nan bana, har da jirgin Semisi. Suka shiga tsakaninsa da uwarsa. Ta nutse ta yi wajen duwatsun murjani da ke bakin lungun, shi ya yi can cikin lungun. Har yamma yana zagaye shi kaɗai.

Abin da nake so bai taka kara ya karya ba: a bar lungun shiru, ko uwar ta jiyo shi ta dawo. Amma yaya zan faɗa? A wurinmu mace ba ta sa-in-sa da ɗan'uwanta namiji. Ko ɗakin da yake kwance ba na shiga. Na bi ta wurin Kalo a madafa, ta ce min jirgin ba nasa ba ne, mai shi ya riga ya cika kujerun gobe da baƙi, in bar mata miji ya nemo abinci.

"Ke naki mijin yana Ostareliya yana tsinko miki lemo, shi ya sa kike da lokacin renon kifi."

Na haɗiye. Na koma tabarma ina tafasa, sai na ga Lupe ta zura hannu a kwanon kawunta ta ɗauke tsokar da ya keɓe wa kansa. Bai hana ta ba. Haka abin yake, ɗan 'yar'uwa na da ikon ɗaukar duk abin da ya ga dama a hannun kawunsa, ko riga ce a jikinsa. Na sunkuya na yi mata magana a kunne.

Ta je ta tsaya gabansa da maiƙo a baki. "Kawu, ba ni makullin jirgi."

Bai kalle ta ba, gefen da nake ya kalla, ya sunkuyar da kai. Ya ciro makullin ya sa mata a tafi. "Ga shi, ranki ya daɗe. Idan aka kore ni ke za ki ciyar da ni."

Da safe ya buga wa maigidansa waya ya ce ba zai fita ba, ya sha faɗa har ina jiyowa daga rijiya. Sannan ya kira sauran matuƙan ta rediyo, ya roƙe su su kauce wa lungun. Ɗaya ya tambaye shi ko yanzu Lupe ce kyaftin. Wani ya ce baƙinsa sun tsallako rabin duniya don jariri, kuma wannan ga shi ba uwar da za ta janye shi, ai ranar sa'a ce.

Kafin in gama wanke kwanuka sun iso. Na tsaya kan dutse ina ɗaga musu zane, ina nuna su koma. Wata baƙuwa ta ɗago min hannu, ta ɗauke ni hoto. Ni fa ƙanwar mutum ɗaya ce, makulli ɗaya al'ada ta ba ni. Sauran ba ruwansu da Lupe.

Jaririn ya riƙa bin jiragen. Da wani ya tsaya sai ya shiga ƙarƙashinsa yana goga baki a jikin jirgin, yana neman nono. Baƙi suka yi ta tafi, wai wasa yake musu. Semisi na tsaye can nesa da ni, hannu a ƙugu. Lupe na kwance a kwalekwale, makulli a wuya, ta ɗago ta ce ba ta jin komai sai inji. In ita da ke kusa ba ta ji kiran jaririn ba, ina uwar da ke bayan murjani?

Kafin wata Lahadin, masu su suka tsinci gawar jaririn a kan duwatsu. Ban yi wa Lupe ƙarya ba, na gaya mata. Da kanta ta mayar wa kawunta makullin, ba ta ƙara ɗaukar nama a kwanonsa ba. Shi ya koma aiki, don Kalo ba ta yi ƙarya ba, 'ya'yansa za su ci abinci. Amma ya daina shiga lungun.

Kai mai karanta wannan, idan wata rana ka zo ka hau ɗaya daga jiragen nan, matuƙin zai dubi fuskarka ne ya yi abin da kake so. In ka ga jariri shi kaɗai ya nufo ku, kada ka yi tafi, kada ka shiga ruwa. Ka sa a juya jirgin a hankali ku yi nisa. Uwarsa yake kira, injinku ne ya hana ta ji.