Abokin Gardama

Mai Tabarau ya goge layin ƙarshe na saƙon, ya sake rubuta shi, sannan ya tura. Ya ajiye wayar a gefen teburin aiki, ya ɗauki tabarau ɗin da wata mata ta kawo da safe, wanda jikarta ta zauna a kai. Yana miƙe ƙarfen da ya lanƙwashe yana satar kallon wayar.

Zaure ne suke da shi a waya, na masu son fim. Da su tara ne. Ɗaya ya yi aure ya yi ɗif, biyu sun yi faɗa kan wani fim ɗin yaƙi suka fita rana ɗaya, sauran kuma sai bayan kwana uku su turo hoton babban yatsa. Mai amsawa da gaske mutum ɗaya ne, Hedimasta, tsohon shugaban makaranta da ya yi ritaya. Shekara shida da suka wuce ya zo shagon nan a yi masa tabarau, kafin a gama gwada masa gilashi hira ta kai su ga fim. Tun daga ranar ba su taɓa yarda da juna a kan fim ko ɗaya ba. Tuni Hedimasta ya daina zuwa shagon, amma duk Laraba idan Mai Tabarau ya fito daga silima ya rubuta ra'ayinsa, kafin gari ya waye amsa ta iso, doguwa, mai lamba ɗaya, biyu, uku, kamar takardar jarrabawa.

Yau sati biyar ke nan babu amsa.

"Hajiya, jiya na ga sabon fim ɗin Mai Ƙofa," ya ce da mai shagon, wadda ke jera firam ɗin tabarau a cikin akwatin gilashi.

"Wane ne kuma Mai Ƙofa?"

"Darakta ne, mu muka sa masa sunan. Duk fim ɗinsa, daidai lokacin da ake maganar da ta fi kowace muhimmanci, sai wani mutum ya gifta ta baya ɗauke da ƙyauren ƙofa a ka. Ba a taɓa cewa ga inda za shi ba. A wannan kuwa wasu masu aski ne, wa da ƙani, shagonsu na kallon juna, shekara ashirin ba sa gaisawa..."

"Allah Sarki," in ji ta, ba ta ɗago ba. "Ka gama na matar nan? Ƙarfe biyu ta ce za ta dawo."

Ya ce ya kusa. Da ta shiga ciki amsa waya, ya jawo durowar katunan masu zuwa awon ido. Katin Hedimasta na can baya, ya yi rawaya, da adireshi a rubutun hannunsa shi kansa. Ya kwafe a bayan ambulan. Bayan matar ta karɓi tabarau ɗinta, ya nemi izinin tashi da wuri. Hajiya ta dube shi da mamaki, don a shekara goma sha ɗaya bai taɓa nema ba, kuma ta san tun rasuwar matarsa babu mai jiransa a gida.

Bas biyu ya hau. A ta biyun ya samu kujerar taga, ya yi ta shirya abin da zai faɗa. In ya tarar da mutumin lafiya lau, zai ce hanya ce ta biyo da shi. In kuwa Hedimasta fushi ya yi da shi saboda ya kira fim ɗin soyayyar nan na watan jiya “tallan labule”, to ba zai janye ba, amma zai sassauta. Akwai abu na uku da ya ƙi bari zuciyarsa ta tsaya a kai.

Gidan na hawa na biyu ne a wani dogon gini mai matakala marar fitila. Wata mata ta buɗe, da garin sabulu a hannunta. Da ya faɗi wanda yake nema ta ce ita matar ɗansa ce, ta juya ta ɗaga murya.

"Baba, ka yi baƙo. Wai mai tabarau."

"Likita?" Muryar ta fito daga ɗakin ciki. Haka Hedimasta ke kiransa don tsokana, ya san sarai ba likita ba ne. "Shigo da shi."

Ɗakin ƙarami ne. Gado, kujera ɗaya, kantar littattafai da aka lulluɓe da tsohon zanin gado, da rediyo a kan matashi. Hedimasta na zaune a bakin gado, ya rame, babu tabarau a fuskarsa. Ya miƙo hannu, amma hannun ya nufi wajen ƙofa, taku guda daga inda baƙon yake tsaye.

Mai Tabarau ya matsa ya kama hannun. Shekara talatin yana leƙa idanun mutane, kallo ɗaya ya ishe shi.

"Ranka ya daɗe, tun yaushe?"

"Zauna tukuna. Na hagu shekara uku. Na dama ya bi sahu bayan wata takwas. Hawan jinin ido ne, an ce na makara."

"Ba ka faɗa min ba."

"Da ka yi me? Ka ƙara min kaurin gilashi?"

Matar ɗan ta kawo ruwa ta ajiye ta fita. Mai Tabarau ya riƙe kofin bai sha ba. Yana lissafin Larabobi a ransa.

"To saƙonnin fa? Wa yake rubutawa?"

"Autata. Ita ke karanta min naka, in faɗa mata amsa ta rubuta. An yi mata canjin wurin aiki watan jiya, ta tafi. Wannan baiwar Allah kuma aikin gida ya yi mata yawa, ga yara, ba zan ce ta zauna ta karanta min shafi uku a kan masu aski ba."

"Yaya aka yi ka san masu aski ne?"

"An yi tallansa a rediyo."

Mai Tabarau ya ajiye kofin a ƙasa. "Wato duk finafinan nan, fiye da shekara biyu, ko ɗaya ba ka gani ba."

"Ko ɗaya."

"Amma ka yi ta gardama."

"Ai kai kake kawo min fim ɗin har gida. Ba ka barin komai, har takalmin ɗan wasa sai ka faɗa. Ni kuwa in ka ce gabas in ce yamma, in nemo dalili uku. Na koyar shekara talatin da biyar, Likita, dalili uku ba ya yi min wuya."

Mai Tabarau bai san ko haushi yake ji ko kunya ba. Ya tuna yadda yake zama shi kaɗai a layi na bakwai, a zauren silimar da sau da yawa ba su fi mutum biyar ba, yana raya cewa a wata silimar, a wata rana cikin satin, wani ma yana kallon abin da yake kallo.

"Har da na bara," ya ce a hankali, "na Mai Ƙofa, wanda aka yi a tashar jirgin ƙasa. Ka ce hasken ya yi rawaya da yawa, kamar an jiƙa fim ɗin a shayi."

"Kai ka ce hasken ya yi kyau. Dole wani ya ce bai yi ba."

"Na koma na sake kallo saboda maganarka. Na ga kana da gaskiya."

Hedimasta ya fara dariya, ƙasa-ƙasa, har ta zama tari. Mai Tabarau bai so ba, amma shi ma ta kufce masa. Da dariyar ta lafa, aka jiyo ƙarar ruwa a bokiti daga can waje.

"Ka yafe min," in ji tsohon. "Da na faɗa maka, da ka koma tausayina. Kowa a gidan nan tausayina yake ji. Ko na ce rana daga yamma take fitowa sai su ce haka ne, Baba. Kai kaɗai ka rage mai ce min ban san abin da nake faɗa ba."

Mai Tabarau ya kalli zanin da ke kan littattafan.

"To, tunda ka zo," Hedimasta ya gyara zama, ya juyo da kunnensa, "ba ni shi daga farko. Amma yau ban da ra'ayi. Abin da ka gani kawai. Me aka fara nunawa?"

"Titi ne, da safe. Wan yana buɗe shagonsa."

"Yaya kamarsa? Dogo ne? Wace riga ya sa?"

Mai Tabarau ya nemi fuskar mai askin a ransa ya rasa. Ya tuna ƙyauren da ya gifta a minti na arba'in, don ya duba agogo. Ya tuna jimlolin da ya shirya, da inda ya yi tsammanin Hedimasta zai kawo suka, da yadda zai tare shi. Tun da aka kashe fitilu har aka kunna, saƙo yake rubutawa a kansa. Rigar kuwa, ko fara ce ko shuɗiya, bai sani ba.

"Ban lura ba," ya ce.

"Kai da kake da ido biyu."

"Sai na sake kallo. Ran Laraba. In na fito sai in biyo ta nan."

"Bas biyu ne fa."

"Na sani."

Hedimasta ya lalubo rediyon ya ɗauke shi daga kan matashi, ya tura ƙarƙashin gado.

"To ka zauna gaba-gaba," ya ce. "Kuma ka bar wayar a aljihu."