Gumin Adawiyya Mai Kitso

A Rimawa, in aka ce kitso, Adawiyya ake nufi. Akwai 'yan mata masu tasowa da suka fi ta saurin hannu, amma tsabta ke kawo mata ƙofarta. Tabarmarta kullum a goge take, matajinta sai ta wanke shi da ruwan zafi bayan kowane kai, kuma duk macen da ta ɗora kai a cinyarta ba ta shaƙar komai sai sabulu da turaren wuta. Tun tana yarinya a Tursa aka san ta da ƙyama. Ko ruwa ba ta sha a moɗar da ba ta ga an ɗauraye ba.

Shekarar da ta cika arba'in da biyu jikinta ya fara yi mata abin da ba ta gane ba.

Wata rana da hantsi tana yi wa Hauwa'u, matar wani malamin firamare, kitso a gindin dogon yaro, sai ta ji zafi ya taso mata daga ƙirji kamar an hura murhu cikin rigarta. Ya hau wuya, ya mamaye fuska, kunnuwanta suka ɗau wuta. Kafin ta ankara gumi ya karyo mata. Ɗigo ya gangaro daga haɓarta ya sauka a ƙeyar Hauwa'u, wani ya biyo baya.

Hauwa'u ta zabura, ta shafa ƙeyarta, ta dubi tafin hannun. "Yaya Adawiyya, mi na na?"

"Zahi na," in ji Adawiyya.

"Wane zahi? Ga iska na kaɗawa, ni ko sanyi nika ji."

Ta goge hannun a gefen zanenta tana yatsina fuska. Ta ƙi mai da kanta kan cinyar, a sunkuye aka ƙarasa kitson. Adawiyya ba ta ga laifinta ba. Da ita aka ɗiga wa gumin wata a wuya, da ko tsayawa ba za ta yi ba.

Daga ranar abin ya zama nata. Ya zo mata tana tuƙa tuwo, ya zo tana kan sallaya, ya zo cikin barci ta tashi ta tarar da zanen gado jagab kamar an yi fitsarin kwance. Ta shiga wanka ta fito, ta sake shiga. Takan ɗaga hannu ta shinshina hammatarta a ɓoye, ranta ya ɓaci. Al'adarta ta rikice: ta ɗauke watanni har ta zaci ciki ne, sannan ta ɓalle da yawa, ta sake ɗaukewa. Gwiwoyinta suka fara ƙara in za ta miƙe. Sai ta shiga ɗaki ta tsaya, ta rasa abin da ya kawo ta. 'Ya'yanta suka koyi raɓewa in sun ga ta haɗe gira, don abin da bai kai ya kawo ba yanzu sai ta yi musu tsawa, daga baya ta koma ta zauna tana jin kamar ta yi kuka.

Wanda ya fi ci mata rai shi ne wanda ba ta da bakin faɗi. Gabanta ya bushe. Duk ranar da mijinta Sa'adu ya kusance ta, ji take kamar ana goga mata yashi, ta wuni da raɗaɗi. Sai ta fara kawo uzuri, yau ciwon kai, gobe gajiya. Sa'adu manomin albasa ne, ba mai yawan magana ba. Ya daina nema, ya koma daɗewa a fadama.

Cikin wannan hali Inno, ƙanwar mahaifinta, ta zo daga Tursa duba ta. Tsohuwar ta zauna tana kallonta tana fifita da faifai, ga riga ta manne mata a baya.

"Ke ɗiyata, bakin mutane na. Kin ga kasuwa ta buɗe miki, an sa miki ido. Ke da maigidanki lahiya kau?"

Adawiyya ta sunkuyar da kai. Wannan ya ishi Inno.

"Na sani. Shirya, gobe mu tahi wajen Mai Haɗi."

Mai Haɗi wata mata ce da ke zaune a wata unguwa bayan garin Maikujera, ba wanda ke kiran sunanta na yanka. Tun daga zaure wari ya tari Adawiyya, warin tsami da na ruɓaɓɓen sassaƙe. Ɗakin duhu, mata a jere a ƙasa, kowace ta ja mayafi ta rufe rabin fuska. Ga jarkoki a jingine da bango, wani baƙin ruwa a ciki yana kumfa, ƙudaje sun yi dafifi a bakinsu. Ga kwalaben da aka tsinto, wasu da sauran takardar maganin tari a jiki. Mai Haɗi na zaune a tsakiya, ta miƙe ƙafa, tana tauna goro. Ta tofar da jan yawu a wani gwangwani kusa da kwaryar da take kwaɓi, ta fyace majina da yatsu, ta shafe a zane, ta mai da hannun cikin kwaryar.

Adawiyya ta toshe hanci da mayafi. Ta yunƙura za ta fita, Inno ta danne mata gwiwa.

"Wagga mi ka damunta?" in ji Mai Haɗi, da ƙarfi, kowa na ji.

Inno ta matsa ta raɗa mata. Matar ta kwashe da dariya, haƙora jawur.

"Rijiya ta ƙahe ke nan! Kar ki damu, 'yar uwa, na gyara waɗanda sunka hi ki. Mako guda, maigida shi manta hanyar gona."

Wasu matan suka yi dariya ƙasa-ƙasa. Adawiyya ta ji kamar an tuɓe ta a tsakiyar kasuwa. Tana kallo Mai Haɗi ta gutsuro wani baƙin kwaɓi, ta mulmula shi tsakanin tafukanta, dauɗa cunkus a ƙarƙashin farcenta, ta ƙulla a leda. Wannan na matsi ne, in ji ta. Ta tsiyayo ruwan jarka a kwalba, wannan na sha.

Ruwan dai Adawiyya ta kai baki sau ɗaya ta amayar, ta tuttular da sauran a makwarara. Na ledar kuwa ya yi kwanaki a ƙasan akwati. Takan ɗauko, ta tuna farcen nan, ta mayar. Amma Sa'adu ya fara cin tuwonsa a waje ba ya ko ɗaga ido, sai ta runtse nata idon ta yi amfani da kwaɓin.

Kafin kwana biyu wurin ya kumbura yana ƙuna kamar an zuba barkono. Wani ruwa mai wari ya fara zubo mata. Ta wanke, ta yi turare, ta sake wankewa, warin na nan. Ita da ba ta iya zama kusa da wanda bai goge baki ba, yau ga shi daga jikinta abin ke fitowa. Ta sallami masu zuwa kitso ta ce zazzaɓi take yi. Ta ƙi cin abinci, don ko hannunta ƙyamarsa take ji.

Sa'adu ya dawo daga fadama da azahar ya gan ta tana tafiya tana dafa bango, ƙafafu a ware. Ya tada babur ya ce, "Ɗauko mayahinki."

A wani ƙaramin asibiti a Goronyo suka sami wata nas, Augustina, 'yar kudancin Kaduna, mace mai jiki da furfura a gaban goshi. Ta sa Sa'adu ya jira a waje, ta rufe ƙofa. Da ta duba, ba ta yatsina fuska ba, ba ta yi salati ba. Ta cire safar hannu, ta wanke hannunta da sabulu har gwiwar hannu. Adawiyya ta bi hannun da kallo, ta ji wani abu ya ɗan sauka a ƙirjinta.

"Me kika sa?" in ji Augustina.

Adawiyya ta faɗa.

"To, ya ƙona ki, kuma ya sa miki ƙwayar cuta. Wannan za mu yi maganinsa, zai warke. Amma me ya kai ki? Fara mini daga farko."

Ta fara da bushewar, sai ga sauran sun biyo, gumi da al'ada da gwiwa da mantuwa. Augustina na gyaɗa kai, har tana riga ta: "Barci fa? Fitsari yana yawan matsa ki? Zuciya na saurin hawa?"

"Sista, wa yab ba ki labarina?"

Augustina ta yi murmushi, ta nuna wani ɗan tawul a kafaɗarta. "Kin ga wannan? Ba don ado nake yawo da shi ba. Akwai wani sinadari da jikin mace ke yi, ana ce masa istirojin. Shi ke tafiyar da al'ada, shi ke sa danshi a gaba, yana riƙe ƙashi. In mace ta doshi daina haila sai ya yi ta raguwa, duk abin nan da kika lissafa sai ya biyo. Yawanci sai wajen hamsin. Naki ya ɗan yi sauri, shi ya sa nake so ki ga likitar mata a Sakkwato, a tabbatar ba wani abu ba ne, a ga ko za a ba ki maganin da ke mai da shi."

"Ke nan ba sammu ba na?"

"Kowace mace in ta yi tsawon rai sai ta bi ta nan. Wata da sauƙi, wata da wuya."

Ta ba ta maganin ciwon, ta ce kada ta ƙara cusa komai, ko sabulu mai ƙamshi. Ta ce ta riƙa sa tufafin auduga marasa nauyi, ta yawaita shan ruwa, ta rage yaji da shayi mai zafi ta ga ko su ke tada mata gumin, ta riƙa shan nono da cin wake da zogale saboda ƙashi, ta riƙa taka ƙasa ko da zuwa bakin fadama ne. Sannan ta ce, "Mijinki kuma ki gaya masa. Ko in kira shi?"

Adawiyya ta ce a'a, ita za ta faɗa.

Sai da suka kusa Rimawa, tana bayansa a babur, iska na kwashe rabin maganar, ta samu ta faɗa, don a haka ba sai ta dubi idonsa ba. Sa'adu ya rage gudu, ya tsaya a gefen hanya.

"Ni ca nike warin albasa da taki na ka korarki," in ji shi. "Har sabulu na canza, ba ki lura ba."

Ba ta lura ba. Ta rasa dariya za ta yi ko kuka.

Bayan ciwon ya warke suka je Sakkwato. Likitar ta auna jininta, ta duba nononta, ta tambayi ciwon da ke danginsu, sannan ta rubuta mata ƙwayoyi da wani man shafawa na gaba, ta ce ta riƙa dawowa ana dubawa. Gumin ya ragu sosai, ko da yake bai tafi duka ba. Barci ya dawo, shimfiɗa ta daina zama azaba. Gwiwar ce ta ƙi jin magani. Masu zuwa kitso wasu suka dawo, wasu sun riga sun saba da hannun 'yan mata.

Da aka yi suna a gidan Inno a Tursa ta je. Bayan an ci abinci ta sami Inno ita kaɗai a ɗaki tana ɓare gyaɗa, ta kwashe abin da likita ta ce ta faɗa mata.

Inno ko ɗagowa ba ta yi ba. "Wanga ai ba labari ba na. Ni ma na yi shi. Uwarki ma ta yi, Allah shi jiƙanta. Har zane muka matsewa."

Adawiyya ta tsaya da baki buɗe. "Gwaggo, kin san shi? Kin san shi kinka ce mini bakin mutane na? Kinka kai ni ɗakin can?"

"To mi kika so in ce? Mace ta buɗe baki ta ce ta tsuhwa? Wagga magana ba a yin ta. Mu haƙuri munka yi."

Adawiyya ta dubi tsohuwar da ta goya ta tana jaririya, ta ji irin tashin zuciyar da ta ji a gaban kwaryar Mai Haɗi, har ya fi. Wata da watanni tana wanka tana ƙyamar fatarta, tana zaton ruɓewa take yi, alhali rabin matan da ke tsakar gidan nan sun san sunan abin a jikinsu, kowace ta kama bakinta.

Ta fito ba sallama. A bakin madafa ta ga Mas'uda, babbar 'yar Inno, wadda ta girme ta da shekara biyu, ta janye daga cikin mata ta jingina da bango, tana fifita da murfin kwano, wuyanta sharkaf.

"Yaya Mas'uda, tun yaushe?"

Mas'uda ta waiga ta ga ba mai ji. "Tun damana. Inna ta ce bayan suna za ta kai ni wani wuri."

"Ba ki zuwa ko'ina. Ranar Talata ki taho Rimawa, ki ce kitso za ni miki."

Inno ta jiyo su daga ɗaki, ta leƙo tana faɗa, wai 'yan zamani ba kunya, za a kai sirrin gida gaban baƙi. Adawiyya ta ɗau mayafinta ta nufi inda Sa'adu ke jira.

Ranar Talata Mas'uda ta zo, kanta a tsefe don kada a yi zargi. Suka hau mota zuwa Goronyo, da suka dawo Adawiyya ta yi mata kitson. Inno kuwa ba ta ƙara taka Rimawa ba sai bayan babbar Sallah, kuma ko da ta zo, gaisuwa kawai suka yi.